Gidajen "kare muhalli" a Garwa ta arewacin Kamaru: gaskiya ne ko dabarar ciniki?

Malam Buba, Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo kukana gabanku ne domin abin ya tsaya mini a rai. Shekara biyu ke nan da na kwashe duk abin da na tara na sayi gida a wata sabuwar unguwa da wani kamfani ya gina a bayan gari, bayan an cika mana kunne da cewa gidaje ne masu sanyi, masu kare muhalli. Da idona na ga an sare itatuwan dogon yaro da ke filin kafin a haƙa harsashi, aka jera bulo, aka kwantar da kwano dab da silin, aka buɗe manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, sa'an nan aka ɗora faifan sola biyu aka ce an gama. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, idan na dafa bangon ɗakina da ƙarfe goma na dare sai in ji shi kamar bakin tanda, yarana kuwa a tsakar gida suke kwana. Gidan laka na kakana da ke tsohon gari ya fi wannan sanyi nesa ba kusa ba. Wa ke da alhakin tantance abin da ake kira gidan kare muhalli kafin a karɓi kuɗin mutane?

Baba Garba Magini:
Wa alaikumus salam. Buba ɗana, Allah ya sanyaya maka, amma ka gyara kalmarka, domin kakanka bai zauna a gidan laka ba. Laka ita ce abin da kogin Binuwai ke bari a gaɓa bayan ruwa ya janye. Mu da ƙasa muke gini: a zaɓo ta, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta tsima kwanaki, a mulmula tubali a shanya, a jera shi, a rufa da azarar giginya, a shafe bango da makubar da aka haɗa da ɓawon ɗorawa. Wanda ya kira wannan laka ya zubar da darajar sana'ar iyayenmu.

Alhaji Sani mai bulo:
Baba, da girmanka, Malam Buba bai yi kuskure ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san sunan abin, domin da ruwa ya kwana a gindin katanga sai ta koma lakar da ta fito daga cikinta, muna kallo ɗakuna suka zube. Tun daga lokacin duk mai hali ya koma simintin da ake yi a garin Figil. Ba mu muka hana mutane ginin ƙasa ba, damina ce ta hana su, ga kuma wahalar yaɓe duk shekara.

Injiniya Hadiza, Marwa:
Alhaji, gidajen da suka zube yawancinsu a fadama aka gina su, ba su da harsashin dutse, ba su da rufi mai baki da zai kare bango daga feshin ruwa. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta shigar zafin rana, shi ya sa ɗaki ke zama da sanyi a tsakiyar yini, alhali bulo mai rami da kwano suna shigo da zafin nan take. Yau akwai tubalin ƙasa da ake matsewa da inji a haɗa shi da siminti kaɗan. Da tubalin ƙasa mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama ya bar iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu irinta a fannin zanen gini. Da irin wannan tubali aka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, wanda aka kammala a 2018. Harkar siminti kuwa ita ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Alhaji Sani mai bulo:
'Yata, da bakinki kin ce sai an zuba siminti, ke nan kin yarda cewa laka ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Ki faɗa mana gaskiya, gidan da kike ciki a Marwa da me aka gina shi?

Injiniya Hadiza, Marwa:
Gidan haya nake ciki, Alhaji, na bulo ne, kuma inuwar dogon yaron da ke ƙofarsa ce ke sa ana iya zama a cikinsa. Ina roƙo ka daina cewa laka, Baba ya riga ya yi bayani.

Malam Hamadu, Maga:
Abin da ke ba ni takaici shi ne sai an tafi Burkina Faso da Nijar kafin a samo misali, alhali ga ɗakunan ƙabilar Musgum a garin Pus, a gefen kogin Logon. Dogaye ne masu siffar ƙwai, ba itace ko ɗaya a jikinsu, zanen da ke bayansu matakala ne kuma hanyar ruwa ne, ramin da ke ƙololuwa yana fitar da hayaƙi da zafi. Kawunnaina can suke, kuma ba su koyi wannan a wurin kowa ba. Baba Garba yana magana kamar Hausawa kaɗai suka san ƙasa.

Baba Garba Magini:
Hamadu, ban raina kawunnanka ba, amma ɗakin kwana daban, soro daban. Je ka Zariya ka ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, wanda shahararren magini Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, ko ka je Agadas ka ɗaga kai ka dubi hasumiya mai tsawon mita 27. Wannan aikin magina ne da suka gada uba da kaka.

Malam Hamadu, Maga:
Zariya da Agadas ba a Kamaru suke ba, Baba. Kullum idan ana maganar ƙasar nan sai ku tsallaka iyaka ku ɗauko tarihi.

Malam Buba, Yelwa:
Don Allah jama'a, ni maganar itatuwan da aka sare da kuɗin da na biya na kawo.

Ɗanjuma, mai kula da zauren:
Dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna. Na farko, kawuna Alhaji Sani ya kafa hujja da abin da kowa ya gani a 2012, kuma babu wanda ya iya rushe ta. Na biyu, ita kanta Injiniya ta amsa cewa ba a rabuwa da siminti, kuma a gidan bulo take zaune. Misalan da aka kawo duk na ƙauyuka ne ko na ƙasashen waje, ba su dace da babban gari irin Garwa ba. Kalmar laka kuwa kowa ya fahimci abin da ake nufi da ita, saboda haka babu laifi a cikinta. Shawarata ga Malam Buba ita ce ya ƙara faifan sola ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, yanzu da tashoshin sola na Marwa da Gidar suke taimaka wa madatsar ruwan Lagdo wajen samar da lantarki. Muna gode wa Baba Garba da tarihin da ya ba mu.

Malam Buba, Yelwa:
Ɗanjuma, ban ga inda ka ambaci bayanin Injiniya kan harsashi da rufi ba, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini ofishin da zan kai takarduna. Na sayo dashen dogon yaro huɗu, gobe da asuba zan dasa su a yammacin gidan. Baba Garba, idan kana da lokaci ranar Asabar, ina so ka zo ka duba mini bangon yamma ko za a iya jingina masa katangar ƙasa.