Karena ya mutu bayan ya ci mushen ɗan alade: haukan kare ne?

Mai awaki, Billiri:
Jama'a, barkanku da warhaka. A makon jiya aladun maƙwabcina biyu suka yi ɓari, jariran da wata ta haifa kuma suka riƙa karkarwa, suna faɗuwa ta gefe suna harba ƙafafu har suka mutu. An jefar da mushen a bayan gida, karena ya je ya ci. Bayan kwana uku ya fara susar kuncinsa da farce da jikin bango har fata ta saluɓe, yawu na dalala, washegari ya mutu bai ciji kowa ba. Awakina bakwai suna shan ruwa wuri ɗaya da aladun, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Likitan dabbobi, Gombe:
Malam, sannu da wannan asara. Ba a yanke hukunci sai an yi gwaji, amma wannan ƙaiƙayi mai tsanani, haɗe da ɓari da mutuwar jarirai, ya fi kama da cutar Aujeszky, wadda ta samo suna daga likitan dabbobin ƙasar Hangari da ya bayyana ta a 1902. Bairos ne na dangin hafis (herpes), kuma alade ne gidansa. Babban alade yakan yi tari da atishawa ya warke, jarirai kuwa kusan duk sukan mutu. Idan ta shiga kare, kyanwa, saniya, tunkiya ko akuya, takan bi jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa ta kashe su cikin kwana biyu zuwa uku, sai dai su ba sa yaɗa ta gaba. Ka raba awakinka da aladun yau, ka sauya musu wurin shan ruwa. Duk da haka, wanda yawun karen ya taɓa masa rauni ya je asibiti, domin ba a tabbatar ba haukan kare ba ne, shi kuwa ba abin jira ba ne.

Mai kiwon aladu, Kaltungo:
Likita, da na fara karantawa na ɗauka zazzaɓin aladu na Afirka ne, wanda ya sha share mana garke, amma shi yana kashe manya ma, kuma ba ya taɓa kare. Tambayata ita ce, wadda ta yi ɓari ta warke, za a iya ci gaba da ajiye ta?

Likitan dabbobi, Gombe:
Nan ne matsalar take. Wadda ta warke tana riƙe da bairos ɗin a jijiyoyin kanta har ƙarshen rayuwarta, kuma wahalar haihuwa, cunkoso ko doguwar tafiya a mota zuwa kasuwa kan tayar da shi, ta dawo tana fesa shi ta hanci. Yana bin nono da maniyyi, don haka aron namiji don barbara, da ake yi tsakanin maƙwabta, hanya ce buɗaɗɗiya. Amurka ba ta raba gonakin aladunta da cutar ba sai a 2004, da rigakafi da gwajin jini da cire masu ɗauke da ita. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a ɗebi jini a aika cibiyar binciken dabbobi ta Vom, mushen kuma a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Mai awaki, Billiri:
Na gode, likita. Na ɗaure awakin a cikin gida, maƙwabcin kuma ya yarda mu je ofishin tare gobe da safe.