An ajiye ni a ofis, 'yan ajinmu suna wurin gini

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji 4 a sashen injiniyan gine-gine a nan Bauchi, yanzu ina SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata 6 a wani kamfanin kwangila. Mu uku aka tura, maza biyu da ni. Kullum da safe mota ta kwashe su zuwa wurin gini, ni kuma a bar ni da fotokwafi da jera fayil. Na yi magana, manajan ya ce tausayina yake ji, rana ce da ƙura da lebura marasa kunya. Logbuk ɗina, littafin da nake rubuta aikin da na yi kullum, babu abin kirki a ciki. A danginmu kaf babu injiniya, balle mace da zan je wurinta ta ɗora ni a hanya. Don Allah ina ake samun irin wannan uwar ɗakin?

Maman Haidar: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya. Tun 1982 Injiniya Joanna Maduka da wasu mata suka kafa ta, kuma jan ɗalibai mata a jiki yana cikin aikinsu. Ki je reshen Bauchi na NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, ki tambayi ranar taronsu, za su haɗa ki da matan. Ita kanta NSE ɗin ai mace ce ta karɓi shugabancinta a 2024, Injiniya Margaret Oguntala.

Anti Injiniya: Maman Haidar ta faɗi inda za ki je, ni bari in gaya miki yadda za ki shiga. Kada ki tari babbar mace ki ce "Hajiya, ki zama mai ba ni shawara". Za ta ce to, Allah ya yi albarka, shi ke nan an rabu. Ki je da tambaya guda a hannunki. Misali ki ɗauki zanen rodin wani bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, ki ce kin kasa gane dalilin da ya sa ringin da ke ɗaure rodin ya fi matsuwa kusa da ginshiƙi. Injiniyar da ta san aikinta ba za ta iya yin shiru ba, sai ta ja biro. Bayan mako ki koma ki nuna mata abin da kika yi da amsar. A haka sabo yake shiga.

Batun manajan kuma, ki daina roƙon a kai ki fili haka kawai. Ki nemi aiki mai suna. Ki ce a ba ki gwajin kankare: ke za ki cika kub, ɗan akwatin ɗaukar samfurin kankare, ranar zuba dakin (kankaren bene), ki rubuta kwanan wata, ki bi shi ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28. Aiki ne da samari ke gudu saboda rubuce-rubucensa, kuma ba ya yiwuwa daga kan kujera. Ki sayi hular kwano da takalmin aiki naki, hijabin ya zama gajere wanda injin kwaɓa ba zai kama ba.

Baban Sadiq: Ni namiji ne, a yi min afuwar shigowa. 'Yata, kada ki ce sai mace, don ba su da yawa a nan arewa, kuma kowa su yake nema. Malamin da makaranta ta naɗa ya duba ku a SIWES, ki sanar da shi tun kafin ya zo sa hannu. Kuma ranar da za ki nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, injiniyoyi masu rajista ne za su tsaya miki, gara su san aikinki tun yanzu.

Ummu Nana: Ki sa mahaifinki a maganar. In ya san wurin ginin da lokacin tashi, bakin 'yan unguwa ya mutu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, Alhamis za su zuba dakin na bene na biyu, gobe zan nemi a ba ni kub ɗin. In na turo miki hoton zanen rodin za ki duba min?

Anti Injiniya: Turo bayan isha'i. Ki fara rubuta taki amsar a ƙasa tukuna.