Raket ɗina na tanis ya tsage, ko yana gyaruwa?

Jama'a masu buga tanis, don Allah ku ba ni shawara. Makon jiya ina ƙoƙarin tsinto wata ƙwallo ƙasa-ƙasa sai kan raket ɗin ya daki ƙasa. Da na dawo gida na ga wani siririn layi a jikin firam ɗin, daga sama ta hagu, daidai inda agogo yake nuna ƙarfe 10. Bai kai santimita 2 ba, amma ya ratsa tsakanin ramukan zare guda biyu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, fenti ne kawai ya fashe ko girafayit ɗin da aka ƙera firam ɗin da shi ne? Idan na sa farce yana maƙalewa a ciki. Da na ƙwanƙwasa wurin da makulli, ƙarar a dishe ta fito, alhali ɗaya gefen yana amsawa raɗau. Kuma tun ranar jijjigar bugun ƙwallo take hawowa har gwiwar hannuna.

Na shafa gam ɗin epoxy na naɗe da tef, kwana biyu layin ya sake buɗewa. Mai ɗaure mini zare kuwa ya ƙi ɗora shi a inji, wai jan zaren da ƙarfin fam 53 zai ƙarasa shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shin in yanke zaren yanzu don firam ɗin ya huta? Akwai wanda ya taɓa liƙe irin wannan tsaga da ƙyallen kabon ba tare da nauyin ya karkata gefe guda ba? Raket ɗin giram 300 ne, shekara 4 hannuna ya saba da shi, shi ya sa nake ta jan ƙafa wajen jefar da shi.