Me ya sa kiɗan tambari ba ya ratsa jiki a lasifikar gida?

Ɗan Wunti:
Assalamu alaikum. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan sallah ya san yadda tambari da kakaki ke girgiza ƙirji, amma idan aka saurari kiɗan a gida sai a ji ya rame. Laifin na'ura ne, ko kuwa ba a iya kama kiɗa yadda yake?

Mai Gyaran Rediyo, Gombe:
Wa alaikumus salam, malam. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kimanin hartz 20 zuwa 20,000 (hartz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma amon tambari mai kauri yana can ƙasan ma'aunin, inda ƙaramar lasifikar waya ba ta iya tura isasshiyar iska. Ga kuma MP3, wanda ke zubar da wani ɓangare na sautin domin fayil ya ƙanƙance. Babbar lasifika tana rage matsalar, amma ɗakin siminti yana dawo da amsa-kuwwa, sai kiɗan ya cakuɗe.

Hajiya daga Azare:
Ni a ganina abin da ake rasawa ya wuce amo. Makaɗin kalangu yana kallon jama'a, yana matse kalangun a hammata ya sauya murya domin ya yi wa wanda ya shigo kirari, kuma faifai ba zai taɓa sanin wanda ya shigo ba.

Ɗan Wunti:
Gaskiya ne, Hajiya, sai dai ba don ɗaukar sauti ba, da yaranmu ba su san kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, tunda ya rasu a 2015.