Kandida a bawul ɗin zuciya: magani kaɗai ko sai an sake tiyata?

Hajiya: Salamu alaikum. Wata 5 ke nan da sauya wa yayana bawul ɗin zuciya (ɗan marfin da ke hana jini komawa baya), zazzaɓi ya ƙi sauka. Yanzu an ce kandida ce ta kama sabon bawul ɗin, wai sai an sake buɗe ƙirjinsa. Ni ban yarda ba. Ba ita ce ke fitowa a bakin jarirai ba, a ba da magani ta tafi? Magani kaɗai ya isa.

Malam: Ina bayanki, Hajiya. Bawan Allah bai gama farfaɗowa daga wuƙar farko ba, a ƙara masa ta biyu?

Dakta: Allah ya ba shi lafiya. Ƙwayar ɗaya ce, Hajiya, amma mazaunin ya bambanta. Bawul ɗin da aka dasa ba shi da jijiyoyin jini da za su kai magani cikinsa. Kandida kuwa in ta manne a kansa sai ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne curin da take yi, manya ne kuma masu saurin ɓarewa. In guntu ɗaya ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki na iya shanyewa. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta 2016 ta ce a haɗa biyun: a sauya bawul, a ci gaba da magani aƙalla mako 6 bayan aikin.

Malam: To ai ka ce da bakinka akwai magani.

Dakta: Akwai. Amfoterisin ko kasfofunjin, ta jijiya. Na farkon ma yana wahalar da ƙoda.

Anti Nas: Dakta, ka yi haƙuri, amma Malam bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Na yi jinyar wani dattijo da zuciyarsa ba za ta ɗauki aiki na biyu ba. Bayan allurai aka ɗora shi kan fulukonazol, maganin kandida na sha, na tsawon rai. Ita ma hanyar tana cikin ƙa'idar.

Dakta: Gaskiya ne, Anti. Sai dai wannan danne cutar ake yi, kuma tana iya dawowa ko bayan shekaru. Hanyar wanda aiki ya gagara ce.

Anti Nas: Hajiya, bawul ɗin nasa na ƙarfe ne? In yana shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, fulukonazol na ƙara masa ƙarfi har jini ya riƙa zuba. Dole a yawaita gwajin daskarewar jini.

Hajiya: Na ƙarfe ne, yana sha kullum. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da aikin ba, wallahi. Me zan tambaye su gobe?

Dakta: Girman curin a hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro, ko ruɓa ta taru a gindin bawul ɗin, da kuma ƙarfin zuciyarsa da ƙodarsa a yanzu.