Neman shawara: waƙoƙin Beatles na 1966 zuwa sama sun ƙi shiga kunnena

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina matuƙar son waƙoƙin Beatles (ƙungiyar mawaƙa ta Ingila) na farko, masu sauƙin amshi da jita mai daɗi. Amma da na saurari faifansu Revolver na 1966, musamman waƙar ƙarshe, "Tomorrow Never Knows", sai na ji kamar ba su ba ne. Ganga na ta maimaita bugu ɗaya, ga wasu ƙararraki kamar kukan tsuntsaye. Abokina ya ce duk aikin ƙwaya ne, in rabu da su. In daure, ko in tsaya a na farkon?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Tsallake ka yi, ɗan'uwa. Koma kan faifansu Rubber Soul na 1965 tukuna. A nan mai jitarsu George Harrison ya shigo da sitar, molon Indiyawa, cikin "Norwegian Wood". In kunnenka ya saba da wannan, Revolver ba zai ba ka tsoro ba.

Amsa ta 2:
Ni haɗa kiɗa nake yi, kuma maganar abokinka ta yi mini ciwo. Waɗannan ƙararrakin da hannu aka yi su: a yanka tef, a haɗa bakinsa biyu ya riƙa zagayawa, wani a ƙara masa gudu, wani a juya shi ta baya. Babu kwamfuta, na'urar ɗaukar sautinsu a situdiyon Abbey Road layin sauti 4 kawai take ɗauka. Sannan a watan Agustan 1966 suka yi wasansu na ƙarshe na yawo a San Francisco, don ihun 'yan kallo ya hana su jin kansu. Da suka tare a situdiyo tare da furodusansu George Martin, sai suka daina damuwa da ko waƙa za ta kaɗu a dandali. Faifansu Sgt. Pepper na 1967 daga nan ya fito. Sa abin ji a kunne, ka bi ganga kaɗai a sauraron farko, sauran su biyo baya.

Amsa ta 3:
Malam, a faɗi gaskiya, sun sha ƙwayar LSD a lokacin, su ma ba su ɓoye ba, kuma ba abin koyi ba ne. Sai dai ƙwaya ba ta yanka tef. Ni har yau na farkon na fi so, ban kuma ga laifina ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Da Rubber Soul zan fara daren nan, in sha Allah.