Ya za a hana sayar da sigari kara-kara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kwamitin unguwa a Ƙaura Namoda ya cije. Dokar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai kwali mai kara 20 a rufe, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Masu shayi sun ƙi na farkon, don ribar tana cikin karan, kuma duk wanda ya daina, mai teburin gefensa ne zai kwashe cinikin. Yara kuwa sai su ce aike ne, wa zai ƙaryata? Jan kunne a masallaci ba ya daɗewa, an koma gidan jiya. Ta hannun sarkin tasha za a bi, ko hakimi? Wa ke da hurumin kama mai saɓawa?